Bandirin Alawayyon Abban Husna

Shekara uku ke nan da rasuwar maigidana, Abban Husna, a nan Kuala Lumpur. Allah ya jiƙansa. Niyyata bana ma in yi abin da na saba, in je maƙabarta, in dafa abin sadaka, in ja bakina in yi shiru. To, abubuwa biyu sun faru a wata guda, suka hana ni. Na farko, ƙungiyar ɗalibanmu 'yan Arewa ta aiko cewa za ta yi taron tunawa da shi. Suna son hotonsa, suna son in ce wani abu, amma wai don Allah kada in ambaci wasan kwaikwayo, a takardar gayyata ma sun rubuta shi a matsayin masanin adabin Turanci. Na biyu, 'yarmu Husna ta dawo daga Islamiyyar Asabar ta ƙi cin abinci. Da na matsa mata, sai ta ce da Hausarta da ta cakuɗe da Malayanci:

"Umma, faɗa min gaskiya lah. Wai Abba ne ya sayo likkafaninsa da kansa, shi ya sa ya mutu?"

Yarinyar da ba ta cika goma ba. A bakin wata 'yar ajinsu mai suna Amira ta ji, ita kuwa waccan ai ba a hanya ta tsinta ba, a gidansu ta ji manya suna faɗa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Tunda maganar ta kai kunnen marainiya, zan faɗi yadda aka yi, wanda ya ji zafi ya yi haƙuri.

Abban Husna malamin jami'a ne daga gida, tallafin karatu ya kawo shi yin digiri na uku a fannin wasan kwaikwayo. Tun daga nan mutanenmu suka fara kallonsa a karkace. Wannan yana karanta injiniya, wancan harkar banki, shi kuwa an ɗauko shi tun daga Najeriya don ya koyi wasa. A wurin suna ko walima sai ka ji ana tsokanarsa, yaushe za mu gan ka a fim? Shi dai dariya yake yi. Ni ce mai fushin, ni ce kuma har yau nake yi.

Cikin sharuɗɗan karatunsa akwai ya shirya wasa a babban ɗakin taron kwalejinsu. Ya zaɓi wani tsohon wasan Amurka game da wani ɗan ƙaramin gari. Da na karanta na ce masa, wannan ai babu komai a ciki, ba yaƙi, ba ɓarawo, ba mai kuɗi. Mutane ne kawai suna karyawa da safe, yara suna tafiya makaranta, maƙwabta suna gulma ta kan shinge, a yi aure, a mutu. Ya ce to Ringim ɗin da aka haife shi me ake yi a cikinta da ya wuce haka? A ganinsa garin nan garinsu ne, hula ce kawai ta bambanta. Abin da ya ja shi shi ne ƙarshen wasan, inda ake nuna waɗanda suka riga mu gidan gaskiya suna takaicin yadda masu rai ba sa tsayawa su kalli juna. Ya ce wa'azi ne, sai dai ba a kan mumbari ba.

'Yan wasansa ɗaliban kwalejin ne, Malayawa da 'yan Sin da Indiyawa, sai namu biyu, namiji da mace. Ya yi tunanin yadda mai kallo zai gane mamata ba tare da an yi masa bayani ba, sai ya yanke shawarar a lulluɓe su da farin yadi, tunda Bahaushe da Bamalaye duk sun san abin da fari yake nufi a irin wannan wuri. Wata Asabar muka hau jirgin ƙasa daga unguwar Sentul, muka je layin 'yan yadi na Jalan Tuanku Abdul Rahman, ya sayi bandirin alawayyo guda. Ni ce zan yanka in ɗinke. Ya saɓo shi a kafaɗa muka ratsa unguwar Kampung Baru don mu sayi abinci, nan muka ci karo da wasu mutanenmu suna fitowa daga masallaci. Suka tambaya, ya gaya musu gaskiya, yana murna kamar wanda ya sayo ragon layya.

Kafin mako ya zagayo magana ta gama gari. Shugaban ƙungiya na wancan lokaci, wanda ba zan kama sunansa ba tunda ya san kansa, ya kira shi ya ce Bahaushe ba ya wasa da likkafani, kiran mutuwa ne. Abban Husna ya nemi ya nuna masa inda addini ya hana, ya ce ba maganar aya ba ce, maganar abin da muka gada ce. Da a nan ya tsaya, da ban rubuta wannan ba, don kowa da ra'ayinsa. Amma sai ya bi ta bayan fage ya sa ɗaliban nan namu biyu suka janye, ya tsoratar da su cewa labari zai kai gida. Yarinyar ta kira ni tana kuka tana ba da haƙuri. Matan da muke zumunci da su suka ɗauke ƙafa daga gidana, wata ma ta ce ita ba ta shiga gidan da aka jingine likkafani a bayan ƙofa.

Ana cikin haka korona ta shigo, aka kafa dokar kulle. Aka rufe kwaleji, aka rufe kantuna, aka rufe masallatai. Bandiri yana nan a jingine ko almakashi bai taɓa shi ba. Gwajin wasa ya koma ta bidiyo, kowane ɗalibi a ɗakinsa, shi kuma yana zaune a kicin ɗinmu yana ɗaga murya, wannan ka rage sauri, waccan ki ɗago kai. Husna ta haddace rabin wasan daga ƙarƙashin tebur.

A makonnin farkon kullen ne surukar Shugaba ta rasu. Dattijuwa ce mai kirki, ta zo daga Kano yi wa 'yarta wankan jego, rufe filin jirgi ya rutsa da ita. Hawan jini ne ya ɗauke ta, ba korona ba, don haka aka bar wa iyali gawa su shirya ta. A ka'ida masallacin unguwa kan tanadi kayan jana'iza, amma a lokacin kowa ya rikice. Mutumin da ke riƙe da mabuɗin ɗakin kayan yana wani gari, jami'an tsaro sun tare hanyoyi, layin 'yan yadi kuwa ko ƙofa ɗaya ba a buɗe ba. Aka yi ta buge-bugen waya tun safe har azahar, gawa tana kwance a falo. Bayan azahar muka ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Shugaba ne, da takunkumi a fuska, ya kasa haɗa ido da kowa. Bai ma gama jera maganar ba Abban Husna ya juya ya ɗauko bandirin.

"Shugaba, ai don irin wannan ranar aka saƙa shi," ya ce. "Wasa ya jira."

Likkafanin mace ya fi na namiji cin yadi. Ni na durƙusa a tsakar ɗakina na auna, na yanka, na ɗinke da hannuna, ina yi ina hawaye don na san matar, ta sha ba Husna goriba da ta zo da ita daga gida. Abin da ya rage bai kai a yi wa yaro riga ba. Na so in yi magana bayan Shugaba ya fita, Abban Husna ya ce kul, kada wani ya ji daga bakinmu, rufin asiri ba a yi masa shela. Na riƙe wannan umarni har bana da na karya shi, kuma ban yi nadamar karyawa ba.

Aka sassauta kulle, aka sake tsanantawa, aka yi ta ɗage ranar wasa. Kullum cewa yake da an buɗe kantuna sosai zai koma ya sayo wani bandirin. Bai koma ba. A zagayen annobar da ya fi muni ya kamu, aka ɗauke shi zuwa asibiti, ban sake ganinsa ido da ido ba. Ma'aikata sanye da fararen kayan kariya su suka shirya shi yadda dokar lokacin ta tanada, su suka sallace shi, su suka binne shi. A waya na kalla, Husna tana maƙale a jikina. Ba na zargin mutanen nan da komai, sun yi iyakar ƙoƙarinsu a cikin tsoro, Allah ya saka musu. Na yi takaba a ɗakin da dama a kulle yake.

Zafin da ya fi wannan daga namu ya zo. Ana ta'aziyya ta waya, mutane da yawa a kan layi, na ji muryar Shugaba yana cewa da wani, yana zaton an kashe sautinsa: "Ai mun gaya masa. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka." Babu wanda ya tsawatar. Daga ranar labarin ya samu ƙafa, wai mutumin ya saɓo likkafaninsa a kafaɗa ya ratsa gari da shi, shekara ta zagayo aka naɗe shi a ciki. Annobar da ta kwashi limamai da likitoci da tsofaffin da ba su taɓa leƙa ɗakin wasa ba, a kan mijina kaɗai ta zama hukunci. Ina tambayar masu wannan magana: in yadi ke kiran mutuwa, masu sayar da shi a layin 'yan yadi me ya sa suke tsufa? Kuma shi wanda ya fara faɗa, ya manta da abin da aka rufe uwar matarsa da shi ne? Butulci ne, ba ni da wani suna da zan ba shi.

Daga baya aka mai da ɗakin taron kwalejin wurin allurar rigakafi. A nan aka yi min tawa, a kan dandamalin da ya yi niyyar nuna wasansa. Ina zaune ina jiran layi na ga alamun da ya manna a ƙasa don 'yan wasa su san inda za su tsaya, ba a ɓamɓare su ba. Da abubuwa suka lafa, ɗalibansa suka haɗu suka nuna wasan da sunansa, suka sayo sabon yadi da kansu, suka ajiye mana kujeru a sahun gaba. Yaran da ba su haɗa komai da shi ba sai aji, su ne suka tsaya a ƙarshe suna kuka. Daga cikin mutanenmu, yarinyar nan da aka tilasta wa janyewa ce kawai ta zo, ta zauna can baya.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Waɗanda suka yi masa dariya suna nan suna kallon finafinai a waya har cajinta ya ƙare, a ciki ana mutuwa ana ɗaukar makara, ba wanda ya ce an kira ajali. Da yawansu sun koma gida da digiri, ana kiran su Dakta. Yanzu kuma suna son su rataya hotonsa su yi masa addu'a, da sharaɗin a goge aikin da ya mutu yana yi. Na san shi, da dariya zai yi ya ce min, Maman Husna, ai abin da wasan yake faɗa ke nan, ba a ganin mutum sai ya tafi. To shi mai haƙuri ne. Ni na mayar musu da amsa cewa ba zan ba da hoto ba, ba zan zo ba, sai an rubuta abin da ya karanta da sunansa, an kuma tashi a gaban mutane an janye waccan magana, kamar yadda aka faɗe ta a gaban mutane.

Me ya rage na Abban Husna? Bai kammala digirin ba, bai bar gida ko mota ba. Ya bar ɗaliban da har yau in sun gan ni a tashar jirgi suke rugowa su karɓi kayan hannuna. Ya bar wata dattijuwa 'yar Kano da ke kwance a ƙasar mutane cikin sutura irin ta kowane Musulmi. An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, ina fatan ya same shi a can tunda a nan an nemi a binne shi tare da shi. Ya kuma bar yarinyar da za ta girma da sunansa, ita ce ba zan yarda a ɓata wa uba ba.

Ranar da ta yi min tambayar, na buɗe akwati na ciro ragowar alawayyon nan, na shimfiɗa mata a cinya. Na ba ta labarin kamar yadda na ba ku. Ta daɗe tana shafa yadin, sannan ta tambaye ni, to shi da me aka rufe shi? Na ce da abin da asibiti ta bayar, don nasa ya riga ya ba wata. Ta ninke ƙyallen a hankali ta sa a jakar Islamiyya, kusa da allonta. Na tambaye ta ina za ta kai shi.

"Zan nuna wa Amira ranar Asabar," ta ce. "Ai kakarta ce."