Ranar da Dattawan Kebbe Suka Yi wa Yayana Girbi

Duk sanda na ji ƙamshin ɗanyen karan gero, sai in tuna yadda yayana ya zama malami mai takardar shaida.

Shekarun nan ne da kuɗin mai suka sa gwamnati ta yi ta buɗe firamare kamar rumfunan kasuwa. Yaya ya gama kwalejin horon malamai, saura gwajin koyarwa, aka turo shi ajinmu a Kebbe. Mai dubawa zai zo daga Sakkwato ya zauna a bayan aji. In bai gamsu ba, babu takarda, sai baɗi.

Wanda ya sa ranar, ina jin bai taɓa ganin gona ba. Tsakiyar kaka ce, yara duk suna wajen girbi. Ana gobe gwajin, mu uku ne a aji, kuma ta ukun akuyar hedimasta ce.

Babanmu ba ya magana da yaya, kunyar ɗan fari. Amma bayan sallar la'asar ya tsaya ƙofar masallaci ya ce, "Yaron ga na gidana shina da baƙo gobe. Ku bar ɗiyanku su tai makaranta. Hatsin, mu ka yanke shi."

Washegari kuwa har liman sai da ya duƙa a gona. Aji ya cika har taga, da waɗanda ba su taɓa taka makaranta ba. Sai na ce a raina, me waɗannan za su amsa?

Yaya ya dube mu, ya ajiye littafin lissafi.

"Dami goma, an fidda zakka, saura nawa?"

Na rantse muku, hannuwan da suka tashi sun kusa ɗage kwanon rufi. Mai dubawa ya yi ta rubutu har biro ya yi zafi.

Da damina yaya ya karɓo takardar daga ofishin ilimi na Tambuwal. Baba kuwa, mako guda ya yi bayan girbin nan yana tafiya kamar mai ruku'u.

Yanzu abin ya sake. 'Yata ta gama karatun malanta, ta yi rajista, ta zauna jarrabawa gaban kwamfuta, babu wanda ya sani a unguwa sai da ta nuna mini lasisinta a waya. Na yi murna har hula ta faɗi. Na ce mata, "To, bayan wa ya yi ciwo saboda wannan?"

Ta ce, "Nawa, Baba."