Mai Sikeli da Kwalin Ashana

Hedimastan makarantar nan ya cuci yara sittin da biyu, kuma da saninsa ya yi. Ya ƙwace su daga hannun malamar da take koya musu lissafi, ya mayar da su aku, don kawai baƙi su zo su tafa masa. Malamar da ya tura sito ita ce ake kira Mai Sikeli, kuma don ita aka yi wannan rubutu.

Shekara talatin da uku, kullum kafin a kaɗa ƙararrawa tana bakin aji da tsohuwar jakarta. Babu wani abin kirki a ciki: hangar kaya ta ƙarfe, gwangwanin madara biyu ɗaure da zare, kwalayen ashana, da ƙananan notika da wani bakanike, tsohon ɗalibinta, yake tara mata. Sai ta rataye hangar a ƙusar da ke saman allo, gwangwani ɗaya a kowane gefenta, ta zama sikeli. A gwangwani ɗaya ta sa kwalin da ta ɓoye notika a ciki, ta ƙara biyar a fili. A ɗayan ta zuba goma sha biyu, ta jefa wani kwali da babu komai a cikinsa don kada nauyin kwali ya yi ha'inci. Sikeli ya tsaya daidai.

"Wannan kwalin shi ne x," haka take cewa. "Ba aljani ba ne, lamba ce ta ɓuya. Abin da ka cire a wannan gwangwani, cire shi a wancan."

Yaro ya cire biyar nan, ya cire biyar can, ya ƙirga saura, ya ce bakwai. Sannan ne za ta yarda ya buɗe kwalin. Ba ta taɓa buɗe wa kowa ba. Haka za ta bi su ɗaya bayan ɗaya, muryarta a shaƙe, alli ya busar mata da yatsu, gwiwoyinta suna ciwo. Maigidanta, tsohon direba, yakan ce shi kaɗai ne magidancin da ke kunna wuta da ashanar cikin kofi, domin kwalayen duk sun tafi neman ilimi.

Aikin yana cin lokaci, shi ne laifinta a wurin hedimasta. Saura mata mako shida ta ajiye aiki aka ce masu duba makarantu suna tafe. Ya kira ta ofis, ya ce ta shafe mako uku a kan darasi ɗaya, ya ce ba za a shigo masa da manyan baƙi su tarar da kayan bola a rataye a aji ba. Ta roƙe shi ya bar mata yaran, ajinta na ƙarshe ne, rabinsu ko kwalin ba su taɓa ba. Ya ce Baba ta tsufa, ta je sito ta jera tsofaffin littattafai ta huta.

Ba ta yi gardama ba, ƙarfin gardamar ma ya ƙare. Ta cire hangarta ta tafi. Daga siton tana jiyo shi da kansa yana biya wa yara tambaya goma da amsa goma, suna amsawa kamar waƙa. Mai sharar makarantar ta ce ta sha leƙawa ta gan ta zaune a kan kwalin littattafai, jakar a cinyarta, ta rufe ido, leɓenta yana motsi. Ta ɗauka addu'a take yi, ashe sunayen yaran da ba su kai ga sikeli ba take jerawa.

Ranar da baƙin suka zo, babbarsu, wata mata mai tabarau, ta ga an rubuta x + 5 = 12 a allo. Ta tambaya, aji ya ɗauka baki ɗaya: bakwai. Hedimasta ya gyara tsayuwa. Sai matar ta sa yatsa ta goge biyar, ta rubuta tara.

"Bakwai," in ji aji.

Ta goge goma sha biyu ta rubuta ashirin. Bakwai dai. Wata yarinya ce a layin baya ta ɗaga hannu, ta ce ita in an kawo sikeli za ta iya. Matar ta tambaya wane sikeli. Hedimasta ya ce ai wasan yara ne. Ta ce to a kawo wasan.

Aka kira Mai Sikeli. Ta shigo a hankali tana dafa bango, ta rataye hangar, ta juya baya ta cika kwali. Yarinyar ta cire tara nan, ta cire tara can, ta ƙirga, ta ce goma sha ɗaya. Ta buɗe kwalin, goma sha ɗaya ne. Matar ta tambayi malamar kwana nawa take bukata kowane yaro ya iya haka.

"Saura mini kwana goma sha tara, ranki ya daɗe. Sauran su talatin ne. In an bar ni na zauna a kujera, zan kai."

Ta kai. A zaune ta yi, amma sai da na ƙarshensu ya buɗe kwali da hannunsa.

Malama, ke ce wadda ba ta taɓa sayar wa yaro amsa ba. Kin ba da muryarki da gwiwoyinki, ba a ba ki ko takardar yabo ba. Mun gode, Allah ya saka miki, ya ba ki lafiyar cin hutunki. Ku kuma malaman da kuka rage, hangar tana nan a ƙusa, ta bar muku ita. Duk wanda ya ga ya fi ƙarfin gwangwanin madara, ya nemi wata sana'ar, ya bar 'ya'yan mutane.

Hedimastan kuwa an sauke shi kafin ƙarshen zango. An rage masa matsayi biyu, an hana shi riƙe aji. Yanzu shi ne mai kula da sito.