Kabiru ya ce kada aska ta taɓa yaron

Da safen nan ina zuba wa awaki dusa waya ta shigo daga Furfuri, wai Kabiru ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Har yanzu kaina bai ɗauka ba.

Jiya da la'asar mashin ya zame da shi a hanyar Bungudu, kansa ya bugi ƙasa. Ya tashi ya kakkaɓe riga, har da dariya. Ko ƙwarzane babu. Ashe ta ciki jinin ke zuba.

Ga wanda bai san shi ba, Kabiru abokina ne tun firamare, kuma yayan matata Hauwa. Lalurarsa ita ce jininsa ba ya tsayawa. Ranar kaciya aka gane, da ƙyar aka ceto shi. Mu lauje ya yanke mu mu ɗaure da tsumma mu ci gaba da aiki, shi kuwa sai asibiti. Ɗan gata muke ce masa don tsokana.

Ɗan gatan nan, lokacin da mahaifina ke kwance a Gusau, shi ke kawo mana fura yana ɗingishi, gwiwa a kumbure.

Dangi sun bi tsatson mahaifinsa kaf suna neman mai irin ciwon, tunda a wurinmu jini na uba ne. Tsohon ya sha gori a banza. Sai daga baya wani likita ya ce 'yar tangarɗa ce a ƙwayar halittar da ke sa jini ya daskare, kuma ta wajen uwa take biyowa. Mace na iya ɗauke da ita lafiyarta lau, sai ta bayyana a ɗanta namiji. Wai wani lokacin ma haka kawai take farawa, ba daga kaka ba.

Ni dai na kasa gane wannan. Innarsu Kabiru ko haɓo ba ta yi. Ɗan da Kabiru ya haifa garau yake. Amma wai nawa ɗan ne abin tsoro?

Don Hauwa ta haihu a makon nan, namiji. Kabiru ya zo barka, ya ja ni zaure.

"Wanga yaro, kar ka bari wanzami ya cire mai beli sai an auna jininai Gusau."

Na ce, "Kai ɗan gata, mi ya haɗa ɗana da ciwonka?"

"Hauwa ta haɗa mu. Ni kawunai ne, na san abin da nika hwaɗi."

Ganinmu na ƙarshe ke nan.

Jibi suna. Gwaggona ta ce duk ɗan gidanmu an cire masa beli, ba a kaina za a fara sabon abu ba. Daga maƙabarta na biya gidan wanzami na ce ya dakata, ko askin ma. Gobe sai Gusau. Ban san me za a ce mana ba.

Ɗazu Hauwa na riƙe da jaririn, ido a kumbure, ta ce, "Ke nan in yana da shi, ni na ba shi?"

Na zauna kusa da ita, na karɓi yaron.

Allah Ya jiƙan Kabiru, Ya sa wahalar da ya sha ta zama kaffara, Ya haskaka makwancinsa. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. Ku haɗa da yaron nan da ko suna bai samu ba tukuna, da uwarsa.