Takardun da Muka Ƙona wa Yaya

Har yau ba na son warin takarda tana cin wuta. Jiya maƙwabciyata ta cinna wa tsofaffin littattafan 'ya'yanta ashana a bayan katanga, hayaƙin na shigowa ta taga sai na ji kamar na koma 'yar shekara tara a gidanmu na Ƙofar Wambai. Bari in ba ka labarin, ko na rage nauyi.

Yayana ne na farko a zuri'armu da ya shiga jami'a. Kimiyya yake karantawa a Yelwa, nan bayan garinmu, zamanin mulkin soja. Duk Juma'a yakan zo gida, kuma ba ya zuwa sai da gardama. Ya ce wa Baba mulkin soja ba ruwan sama ba ne, mutane ne suka ɗora shi, mutane ne kuma za su sauke shi. Baba ya waiga ya dubi zaure, ya ce masa bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Kaka kuwa, mahaifiyar Baba, maigidanta take kiransa, tana tsokanarsa wai boko ya cika masa ciki da tambaya har ba wurin tuwo. A shekararsa ta ƙarshe ya ƙara wani abin: bin gidajen unguwa da 'yan kwalabe yana ɗibar ruwan rijiya. Wai akwai ƙwayoyin da ido ba ya gani, su ke kawo amai da gudawa kowace damina. Mata su ba shi ruwan, yana fita su kwashe da dariya.

Tsakiyar damina ɗalibai suka yi zanga-zanga, aka rufe makarantar. Baba ba ya gari, ya tafi fatauci. Da azahar sai ga Yaya a jiƙe sharkaf, da kwali a ka. Ya tura shi ƙarƙashin gadon Inna, mahaifiyarmu, ya ce a ɓoye masa, shi zai wuce ruga wurin dangin Inna. Ko ruwa bai sha ba. Ya juya ya fita.

Washegari labari ya iso cewa an kama abokinsa a unguwar Fadaman Mada saboda wasu takardu da aka samu a ɗakinsa, kuma ana bin gidajen ɗalibai ɗaya bayan ɗaya. Inna ta zauna daɓas a tsakar gida. Kaka ce ta jawo kwalin, ta ce abin da zai ja wa yaro ɗauri sai wuta, amma ba za a ƙona masa karatu ba, sai an tantance. To wa zai tantance? Kaka ta sauke Alƙur'ani, Inna ma ta yi nisa a allo, amma boko babu mai gani a gidan sai ni, 'yar aji uku. Turancina bai wuce sunan akuya da kujera ba.

Kaka ta zaunar da ni a kan tabarma ta zazzage kwalin. Iri biyu ne a ciki. Akwai 'yan takardu bugun inji, duk iri ɗaya, kowace da Bisimilla da Larabci a samanta. Sai kuma wani ƙaton dami da aka ɗaure da zare, duk rubutun hannun Yaya. A tsakiyarsa akwai taswira. Na gane sunayen unguwanni, na gane namu. An bi gidaje an ɗiga musu jan biro, har da gidan mai unguwa, har da bakin masallaci.

Wallahi ban san ko mene ne ba. Abin da ya kamata in faɗa ke nan. Amma Inna na kuka, kowa ya zuba mini ido, ga jan biro a kan gidan mai unguwa. Tsoro ya cika ni, kuma, in faɗi gaskiya, na ji daɗi manya na jiran bakina. Na nuna damin.

"Kin tabbata?" in ji Kaka.

Na gyaɗa kai.

Itacen ya sha ruwa, sai da Inna ta zuba kananzir. Kaka ta riƙa sakawa a murhu kaɗan-kaɗan tana juyawa da kara, hayaƙi ya turnuƙe madafa muna ta tari. Da ya cinye ta kwashe tokar ta zuba a kwata. Masu Bisimilla kuwa ta ce abin da aka fara da sunan Allah ba ya ɗauke da sharri, kuma ko ma mene ne, sunan Allah ba ya shiga murhun tuwo. Ta jera su cikin gafakar marigayi mijinta, jakar fatar da Alƙur'aninsa yake ciki, ta mayar ta rataye a bango.

Kwana biyu tsakani jami'an tsaro suka zo da hantsi, su uku cikin kayan gida, da ɗan aiken mai unguwa yana sunkuyar da kai. Suka ɗaga katifu, suka buɗe kwanukan jeren Inna, har randa suka leƙa. Ina maƙale a bayan Kaka. Ɗayansu ya shiga ɗakinta ya miƙa hannu ga gafakar.

"Ɗana, kana da alwala?" Kaka ta tambaye shi.

Ya tsaya. Ya dubi hannunsa, ya sauke, ya fita. Suna barin gidan Inna ta yi sujada, Kaka ta dafa kaina ta ce ashe bokon nan na da rana. Yini guda ina tafiya ina ɗaga kai.

Sai da gero ya fara fitar da kai Yaya ya dawo, ya rame. Kaka ta sauko da gafakar tana murmushi, ta ce ga karatun maigida nan an adana masa. Yana ganinsu fuskarsa ta sauya. Ya ce waɗannan su ne na zanga-zangar, da an ga ko guda da yanzu ba a san inda yake ba. Sannan ya tambayi damin, aikinsa na kammala digiri, wanda ko wurin mai buga tafireta bai kai ba. Na jira a ambaci sunana.

Kaka ta ce, "Ni na ƙona."

Yaya ya zauna a kan turmi. "Rijiyoyi ne, Kaka. Jan nan rijiyoyin da ke sa yara ciwo ne."

Bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi duka zafi. Ya maimaita shekara, abokansa suka tafi hidimar ƙasa shi yana bin gidaje da kwalabe. Ni kuwa na daina zama inda yake. Kaka ta rasu ba ta taɓa tona ni ba.

Yanzu 'yata ce a jami'a. Ra'ayinta kan gwamnati a waya take rubutawa, duniya ta gani kafin ni in gani, babu kwalin da zan tura ƙarƙashin gado. In ta yi jinkirin dawowa sai in ji irin tsoron Inna, kuma ba ni da abin ƙonawa. Wataƙila shi ya sa a Sallar da ta wuce na samu Yaya a zaurensa, furfura ta cika masa kai, na gaya masa ni ce na nuna. Ya ce ya sani tun ranar, don wa ke karanta boko a gidan in ba ni ba? Na tambaye shi me ya hana shi yi mini magana duk shekarun nan.

"Shekararki tara," ya ce. "Ni ne na ajiye kwalin na gudu ban ce wa kowa ga abin da ke ciki ba. Ni ma ina ta neman yadda zan ba ki haƙuri."

Ya miƙo mini kofin shayi, na karɓa da hannu biyu don kada ya zube.