Gwaggo, Tukunyar Dalma da Farantin Gyaɗa

"Wallahi gara in sa guduma in fasa ta da in ba shi."

"Haba Inna. Mutumin nan fa ba sata zai yi ba. Saye zai yi."

"Ɗaki ɗaya gare shi. Nan yake kwana, nan matarsa take girki, nan yaransa suke rarrafe. A ina zai ajiye ta? A kan filo?"

Haka na tarar da su ranar. Gwaggona, yayar mahaifina, da babban ɗanta, wanda kowa ke kira Direba saboda motar kaya yake tuƙawa. Abin da ake faɗa a kansa yana kan tebur a ɗakin baya: 'yar tukunyar lantarki ta narka dalma, girmanta bai wuce na babban gwangwanin madara ba. Likita ya ce Gwaggo ta bar aiki. Hannunta na dama ya fara rawa, kuma mai zuba narkakken ƙarfe ba shi da damar rawar hannu. Direba ya samo mai saye, maƙwabcinmu Mai Caji. Gwaggo ta ce ba ta sakin tukunyar sai a hannun da ta yarda da shi. In babu, guduma na bayan ƙofa.

Zan dawo kan faɗan. Bari in fara gaya muku wace ce ita. Ba ku san ta ba, kuma ya kamata ku san ta.

Gwaggo ba ta share ɗakin aikinta da tsintsiya. Da safe takan jiƙa tsumma ta goge daɓen tun daga lungu har bakin ƙofa, don ta ce tsintsiya tayar da ƙurar dalma take yi, ƙurar kuma ba ta da inda za ta sai hancin mutane. Daga nan ta fitar da gutsattsarin tsohuwar dalma ta shanya su a kan kwano a rana. Ta buɗe tagogi biyun nan, ta juya fanka tana fuskantar waje. Ta canza kaya. Akwai wata doguwar riga mai kauri da ke rataye a ƙusa, da takalmi rufaffe, da safar hannu ta fata. Kayan nan ba su taɓa shiga cikin gida ba. Wankinsu ma da bokitinsa daban.

Sannan ta zauna jiran wuta. In an kawo, ta murɗa maɓalli. Tukunyar ba ta da ƙara, ba ta da harshen wuta. Sai dai ka ga gutsuren da ke ciki ya fara zamewa, ya kwanta, ya zama kamar madubi. Ta kwashe dattin da ya taso sama da ludayin ƙarfe, ta zuba a gwangwani mai murfi. Ta ɗora mazubi a bakin tukunyar ya ji zafi. Mazubi shi ne 'yan ƙarafa biyu da ake haɗawa, da siffar abin da ake so a tsakaninsu. In ya yi zafi sosai, ta kara shi a ƙarƙashin 'yar ƙofar da ke gindin tukunyar, ta ɗaga hannu, dalma ta zubo siririya. Ta saki. Ta jira kaɗan. Ta buɗe.

Kan batir take yi wa masu gyaran mota da masu sola. Tana kuma yin 'yan dunƙulen da masu kamun kifi ke ɗaurawa a bakin raga don ta nutse. Aikinta ke nan. Ba wani abin da za a sa a hoto ba ne. Amma in motarka ta tashi da safe ba tare da an tura ta ba, mai yiwuwa hannun Gwaggo na ciki.

Tukunyar tana da suna. Auta take ce mata. 'Yarta ta ƙarshe, autar gaske, ta taɓa yin ƙorafi.

"Inna, wai ni ce auta ko ita?"

"Ku biyun duka. Sai dai ita ta fi ki kunya. Ba ta magana sai an zuba mata ruwa."

Aka yi dariya, amma ba wasa take ba. Ɗigon ruwa ɗaya in ya shiga narkakkiyar dalma, fashewa take yi ta watsu. Marigayi mijinta, wanda ya fara sana'ar, ya tafi kabari da tabo a wuya saboda wani gutsure mai laima da ya jefa cikin gaggawa. Shi ya sa take shanya komai. Shi ya sa ba ta zuba a mazubi mai sanyi, ko da mai kaya na tsaye a ƙofa yana kaɗa mukulli. Na sha jin ta ce, "Ka jira, ɗan nan. Idona biyu ne, kuma ina son su duka."

Akwai abubuwan da mutane suka gani da idonsu.

Maman 'Yan Biyu, wadda gidanta ke kallon namu, ita ta ba ni wannan labarin da bakinta. Mijinta ya ga Gwaggo na samu, sai ya tattaro tsoffin batir ya fasa, ya ɗauki tukunyar girkin matarsa ya ɗora a risho a tsakar ɗaki. Gwaggo ta jiyo warin daga tsallaken titi. Ta shiga ko sallamar kirki ba ta gama ba. Ta kashe rishon, ta fitar da yaran waje. Da tukunyar ta huce, ta nemi ƙusa da dutse ta huda gindinta.

"Gwaggo, tukunyata ce fa! Ita kaɗai gare ni mai kyau!"

"Ta tashi daga tukunya. Ko kin wanke ta da me, ba ta sake dafa abincin da yara za su ci."

Gwaggo ta koma gida ta ɗauko tata tukunyar girkin, wadda ta fi waccan girma, ta kawo mata. Matar ta daɗe ba ta gaishe ta da sakin fuska ba. Yanzu 'yan biyun nan sun girma, suna makaranta, kuma su ke rige-rigen ɗaukar wa Gwaggo kaya in ta dawo daga kasuwa.

Mai gyaran batir na bakin titi shi ya ga na biyun. Wani mai shago ya zo da dutsen awo na sikeli, ya ce a zuba masa irinsa, amma a bar rami a ciki yadda ba za a gani ba. Gwaggo ta juya dutsen a hannu, ta miƙa masa abinsa.

"Ni dalma nake narkawa, ba haƙƙin mutane ba."

Mutumin ya ce wasa yake. Ta ce ita ma wasa take, amma ya tafi.

To, da maganar barin aiki ta fito, masu son tukunyar suka fara zuwa. Gwaggo ba ta kori kowa ba. Takan ce, shiga ka gani. Ta sa mutum ya taɓa gutsattsarin dalma, ya juya mazubi, ya ɗaga ludayi. In sun fito, ta zauna a benci a waje, ta jawo farantin gyaɗa, ta tura masa gaba.

"Bismillah."

Kun san yadda muke. Babba ya ce maka bismillah, ka ƙi? Ai rashin ladabi ne. Mai walda ya miƙa hannu. Ƙanen mai gyaran keke ya miƙa hannu. Mai Caji ma ya miƙa, har da "na gode, Baba". Kowannensu kafin yatsunsa su kai, Gwaggo ta janye farantin.

"Je ka wanke hannunka. Ka gaida mutan gida."

Ba wanda ta yi wa bayani. Ni ma sai daga baya na gane. Ƙuna ana ganinta, kowa na tsoronta. Amma toka-tokar da ke maƙalewa a yatsu ba ta da zafi, ba ta da ɗanɗano. Mutum ya ci abinci da ita, ya shafa kan ɗansa da ita, ba ya sani. Gwaggo na neman wanda tsoron wannan tokar ya fi ƙarfin kunyarsa ne. Ba ta samu ba.

Auta, 'yarta, ta ce a ba ta tukunyar. Gwaggo ta ce, "Ke da ba ki daɗe da aure ba? Ko a bakin ƙofar ɗakin nan ban yarda ki tsaya ba. Ni sai da na gama haihuwarku na taɓa ta."

Yanzu mu koma ranar faɗan.

Direba ya gaji. Bai daɗe da dawowa daga doguwar tafiya ba, yana tafe yana dafe ƙugu, don zaman mota ya cinye masa baya. Matarsa ta daɗe tana roƙonsa ya bar hanya. Ya ce tunda ba za a sayar ba, bari ya kwashe tarkacen ya rufe ɗakin kowa ya huta. Ya shiga. Muna jin yana jefa gutsattsarin dalma a buhu, yana mita. Da ya fito, Gwaggo na kan benci. Ta tura farantin.

"Bismillah, Direba. Ci ka huce."

Ko kallon farantin bai yi ba. Ya wuce da hannuwansa a sama, nesa da jikinsa, kamar wanda ya taɓa ɗanyen fenti. Ya tura kan famfo da gwiwar hannu. Ya ɗauki sabulu. Duk wannan bakinsa bai rufe ba.

"Kowa bai yi miki ba, Inna. Wannan kaza, wancan kaza. Mala'ika kike jira ya sauko ya karɓa?"

Ya cuɗa har gwiwar hannu. Ya sosa ƙarƙashin farce. Ya ɗauraye, ya sake sa sabulu. Ya cire rigar sama ya jefa a bokitin kayan aiki, ba na gida ba. Ba wanda ya ce masa ya yi. Tun yana ƙarami ya saba, har ya manta cewa koya masa aka yi.

Ƙanwarsa Auta, da ke tsaye a gefe, ita ce ta fara dariya. Ta toshe baki, ta kasa.

"Ke kuma me ye?" in ji Direba.

"Ba komai, Yaya. Ci gaba da wanka."

Ya juyo ya kalli mahaifiyarsa. Ya kalli farantin, wanda yake nan inda ta tura shi, ba ta janye ba. Sai ya gane.

Gwaggo, ni ba mai yawan magana ba ne, kin sani. Amma wannan zan faɗa. Ke ce kika yi aiki da abu mai cutarwa a tsakiyar unguwa mai cike da yara, kika tsaya tsakaninsa da su shekara da shekaru. Ke ce kika yarda a ce miki mai tsanani, a daina gaishe ki, don dai yaron wani ya girma lafiya. Uwar Auta biyu, mai huda tukunya ta ba da tata. Mun gode. Allah Ya huce miki gajiya, Ya sassauta wa hannun nan.

Ku kuma da ke karantawa, na san irin tukunyar nan ta yi yawa yanzu. Kowa na iya saya ya kai gida, ya murɗa maɓalli. Kwalin da take zuwa a ciki ba ya zuwa da Gwaggo. Ku ware mata ɗaki mai iska. Ku shanya abin da za ku zuba. Ku raba kayan aiki da na gida. In kuka fito, ko wa ya ce muku bismillah, ku ce masa a gafarce ku tukuna, ku nufi famfo.

Direba ya goge hannunsa. Ya zo ya zauna a gefen benci, ya ɗebi gyaɗa, ya riƙe bai kai baki ba. Idonsa na kan ƙofar ɗakin baya. A daidai lokacin aka kawo wuta, fankar ciki ta fara juyawa. Gwaggo ta ɗora hannunta mai rawa a kan cinya, ta danne shi da ɗayan, ta ce kamar da iska take magana:

"To, gobe da safe wa zai jiƙa min tsumma?"