Dokin Ƙofar Inna Kaltume

Duk wanda ya zauna a Abakpa bayan an gama yaƙin basasa ya san Yusha'u ɗan kwana-kwana, ko da kuwa bai san sunansa ba. Ka ce mai jan gindi kawai, za a nuna maka gidansu.

Lokacin benaye na ta tsirowa a Kaduna, aka ɗora masa aikin duba gine-gine, ya ga ko mutane za su iya fita idan wuta ta tashi. Shi kuwa bawan Allahn nan sai ya shiga har ɗakin da ya fi kowane nisa da ƙofa, ya zauna dirshan a ƙasa da kakinsa mai guga, ya miƙe ƙafafu kamar ba nasa ba, ya kama jan gindi yana neman hanyar waje. Masinjoji su yi ta ƙunshe dariya, masu gini su yi ta tsaki. Ko a jikinsa. Cewa yake mai ƙafa ai ko ta taga ya fice, shi don gurgu da tsoho da sojan da ya baro ƙafarsa a bakin daga aka aiko shi. Inda ya maƙale, nan zai buga ƙasa ya ce a gyara. Ƙofar baya da aka garƙame da kwaɗo, matakala mai tsini, lungun da aka cika da kwalaye, ba wanda ya tsira daga bakinsa. Ga naci, wallahi, kamar ƙuda.

To amma fa akwai gini ɗaya da ya gagare shi, shi ne gidan ubansa.

Mahaifiyarsa, Inna Kaltume, ɓarin jikinta ya shanye tun bayan rasuwar maigidanta. Ɗakinta na can ƙuryar gida, inda ake ajiye babba, kuma a bakinsa akwai dokin ƙofa mai tsayi har ƙauri, wanda marigayin ya gina da hannunsa don kada ruwan sama ya shiga. Yusha'u ya san wannan tudun ba zai tsallaku ga mai jan jiki ba. Abin yana cin ransa kullum, don in wuta ta kama gidan nan, tsohuwa ba ta da mafita.

Ga kuma wani abu. Shi ne ɗanta na fari, kuma Inna Kaltume ta mutanen da ce, kunyar ɗan fari a wurinta ba wasa ba. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa kallonsa ido cikin ido ba. In yana tsugune a gabanta, sai ta juya ga matarsa Rahmatu ta ce, "Ki ce wa mutumin nan ya ci abinci." Haka suke magana, ta bakin Rahmatu.

Ta bakin Rahmatun ya roƙa a sare dokin ƙofar. Inna ta ce a'a, hannun marigayi Malam ne. Ya roƙa ta dawo ɗakin kusa da zaure. Ta ce ita ba baƙuwa ba ce. Da ya ga ba ci, sai ya lallashi kansa da cewa ai ga Rahmatu, ga shi, in wani abu ya faru ta yi kira kawai a zo a ɗauke ta. Kai, jama'a! Mutumin da bai taɓa yarda da wannan amsar daga bakin kowane mai gini ba, ya karɓe ta daga bakin kansa.

Wata Asabar bayan azahar Rahmatu ta tafi barka Rigasa. Yusha'u ya kishingiɗa a zaure, barci ya kwashe shi. Ashe an bar garwashi a murhu, iska ta kaɗa shi ya kama zanar rumfar da ke jikin ɗakin Inna. Ba kira ne ya tashe shi ba, ƙauri ne. Ya zabura ya faɗa cikin gida, ya tarar rumfa na ci, hayaƙi ya cika ƙuryar. Ya ture randa a kan zanar, ya fizge sauran ya tattake.

Sai ya gan ta. Ta sauko daga gado da kanta, ta ja jiki da hannu ɗaya har bakin ƙofa, can ta maƙale, haɓarta a kan dokin ƙofar tana tari. Daidai inda shi da kansa zai buga ƙasa ya ce a gyara. Ya sungume ta ya fito da ita tsakar gida, ita kuwa ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ga tsoro ga haushi, ya manta da wata Rahmatu. Ya ce, "Inna, ina nan zaure fa! Me ya hana ki kira ni?"

Ta daɗe tana tari. Sannan, fuskarta a bango, ta ce, "Da wane sunan?"

Yusha'u ya zauna a ƙasa ya yi kuka, kuka sosai irin wanda bai yi ba ko ranar da aka binne ubansa.

Tun daga ranar aikinsa ya ƙaru da tambaya ɗaya. In ya gama jan gindinsa, aka ce masa ai akwai masu ɗauka, sai ya je wurin mai rauni da kansa ya tambaye shi wa zai iya kira, wa kuma yake jin nauyin ya taɓa shi. Ya sha samun suruki da ba zai yarda matar ɗansa ta ɗauke shi ba, da tsohuwar da ta gwammace hayaƙi da hannun namijin da ba nata ba.

Dokin ƙofar kuwa washegari aka sare shi. Yusha'u na tsugune da guduma ya kasa ɗagawa, Inna ta shafa tudun da hannunta mai lafiya, ta juya ga Rahmatu.

"Ki ce wa mutumin nan ya buga. Gara in fita da kaina."