Shekarar da Aka Koya Mini Soke Shaida

Mahaifina malami ne a Shagari, kuma a zaurensa na yi karatun fiƙihu har na yi aure. Da ya ga na kai babin shari'a ina kawo hukunce-hukunce da ka, sai ya ce karatun zaure ba ya mai da mutum alƙali, sai ya zauna kusa da mai yi. Ya tura ni wurin wani abokin karatunsa na ƙuruciya, dattijon alƙali da ke sauraron ƙararrakin ƙauyukan yankinmu, gidansa kuwa a Bodinga. Zamanin Turawa ne, bayan an gama yaƙin duniya na biyu ba da daɗewa ba.

Mu biyu ne masu koyo. Ɗayan ɗan ƙanwar alƙalin ne, ya yi 'yan shekaru a wata makaranta a Kano inda ake koyar da shari'a a kan benci, har da jarrabawa. Ya fi ni Larabci, yana kuma ɗan jin Turanci. Da farko ya burge ni.

Na zaci darasi a kan buzu za a yi shi, da littafi a buɗe. Ashe a bakin akushi ake yi. Kullum bayan azahar alƙali yakan kira mu ciki, a jera kwanoni, ya riƙa tambayar dogarinsa daga wane gida kowanne ya fito. Kusan duk daga gidajen masu ƙara ne. Yana ci yana koyarwa, man shanu na gangarowa cikin gemunsa, yana shafe hannu a gefen buzun da zai hau ya yi hukunci. Watannin farko na riƙa cewa cikina ne ba daidai ba, ina komawa masaukina in sha fura.

Da rani aka kawo ƙarar wani manomin albasa daga Lambara. Yana da ɗan lambu a bakin fadama, da rijiya da jigo, ya gada daga ubansa. Wanda ya yi ƙararsa attajiri ne mai sayen gyaɗa, ya ce wurin na kakansa ne, aro aka bayar. Ya zo da shaidu biyu da na sani sarai, don kusan kullum suna gindin bishiyar bedi a ƙofar kotu. Sun riga sun shaidi cinikin jaki a Mandera da rabon gado a Horo Birni, ko'ina dai suna wurin.

Manomin ya durƙusa, ƙafafunsa duk faso, ya ce, "Allah shi gafarta malam, ni ban san aro ba. Ubana ya gina rijiyar ga da hannunai, ga waɗanda suka taya shi fid da ƙasa."

Maƙwabtansa ne biyu, tsofaffi, sun taho a ƙasa tun da asuba. Alƙali ya dube su ya ce a dawo bayan la'asar.

A wurin cin abinci ya ce mana, "Yau za ku ga aiki. Ku faɗa mini, wa ake karɓar shaidarsa?"

Na ce adali, mai tsare addininsa da mutuncinsa.

"To mi ka zub da mutunci?"

Ɗan ƙanwarsa ya karɓe, ya jero su da Larabci mai daɗi: cin abinci a kasuwa, yawo ba hula, da sauransu. Alƙali ya yi murmushi, ya aiki dogari ya dubo abin da tsofaffin nan ke yi.

Ran kasuwa ce. Mutanen da suka yi wannan tafiya ba su karya ba, me za su yi? Dogari ya tarar da ɗaya tsugune yana cin ƙosai. Ɗayan kuma ya cire hula yana fifita da ita saboda zafi.

Da aka koma zama, alƙali ya tambayi na farko ko gaskiya ne an gan shi yana ci a kasuwa. Tsohon ya ce, "Gaskiya ne, yunwa ta kama ni." Ya amsa ne da fara'a, bai san abin da ake nufi ba. Nan take aka soke shaidarsa, aka soke ta ɗan'uwansa. Shaidun attajiri, da hulunansu a kai, aka karɓa. Lambu ya tafi, da albasar da ke cikinsa wadda ta kusa isa cira.

Manomin bai yi ihu ba. Ya tambaya kawai ko za a bar shi ya ɗebe igiyar gugansa. Tsohon mai ƙosai ne ya fashe da kuka a waje, yana cewa shi ya jawo, da ya daure da yunwar.

Na bi alƙali cikin gida na durƙusa. Na ce, "Allah shi gafarta malam, malamai sun ce wannan sharaɗi ya danganta da al'adar wuri da matsayin mutum. Manomi ya ci ƙosai a kasuwa ba abin kunya ba ne. Waɗancan kuwa kowa ya san sana'arsu."

Ya ci gaba da sakace haƙori. Ya ce, "Ɗan abokina, karatu kay yi, kuma ka yi shi da kyau. Amma ba wanda ya tambaye ka mi malamai suka nufa. Ka nuna mini layin da na saɓa."

Babu layin. Abin da ya fi ɓata mini rai ke nan. Bai jahilci komai ba, ya fi mahaifina hadda.

Ba a jima ba Di'o, Baturen mulki, ya zo rangadi ya zauna a kotu, kamar yadda suka saba don duba shari'u. An share wuri, an kori 'yan gindin bedi. Aka karanta masa hukuncin lambun, tafinta ya juya, ya gyaɗa kai ya ce ba ya sa baki a abin da ya shafi littafinmu. Da ya ji mu ɗalibai ne sai ya saki jiki. Ya ce a Ingila wansa lauya ne, kuma bayan karatu da jarrabawa sai da ya ci abincin dare sau da yawa a wani babban gida tare da manyan lauyoyi kafin a yarda ya tsaya gaban kotu. Alƙali ya yi dariya har rawaninsa ya goce, ya ce a faɗa wa Bature ashe hanya ɗaya ce. Baturen ya ji daɗi ƙwarai. Manomin na tsaye a bayan dogarai tun safe yana son magana, ba a bar shi ya matso ba, kuma a kotunanmu na lokacin ba a yarda wani lauya ya tsaya wa mutum.

Na ƙarasa ranin saboda kunyar mahaifina. Ruwan farko na sauka na ɗaure littattafaina na koma Shagari. Na ba shi labari duka. Sai ya ce in karɓi ɗaliban safe, shi ƙarfinsa ya ragu. Bai sake aika wa abokinsa gaisuwa ba har ya rasu.

Ɗan ƙanwar ya zama alƙali a wata gunduma, ya daɗe yana yi. Manomin ya tafi cin rani kudu, iyalinsa suka bi shi daga baya. Wani ɗan Lambara ya gaya mini ya gan shi a wata tashar mota yana dako, ya aiko a gaida mutanen gida.